Yadda Littafin Tawada Ya Tsallake Bahon Bilic

Tawada muke kiranta, autarmu, kuma duk wanda ya ga hannunta ba ya tambayar dalili. Tun tana 'yar shekara tara yatsunta uku na dama suka yi sallama da launinsu na asali. An goge da lemun tsami, an goge da toka, har kananzir an gwada. Yau shekararta ashirin da bakwai, yatsun suna nan baƙi ƙirin kamar ta shafo gindin tukunya, ita kuma ko a jikinta. To da waɗannan yatsun ne ta yi littafi, littafi na gaske mai bango mai sheƙi, ya fito makon jiya. A gidanmu, inda takardar da aka fi karantawa ita ce ta jikin kwalin sabulu. Amma saura ƙiris da ba a ga ko shafi ɗaya ba.

Mamarmu wanki da guga take yi. Shago ne ɗaya a bakin titi, kantar karɓar kaya a gaba, teburin guga biyu a ciki, sai tsakar gida a baya mai baho huɗu da igiyoyin shanya da suka yi ta gitta juna, in kai dogo ne sai ka riƙa tafiya kana rusunawa kamar ka je gaida surukai. Mama ba ta taɓa zama a aji ba. Ko sunanta aka rubuta mata ba za ta shaida shi ba. Amma mai wanki dole ya san rigar wane daga rigar wane, in ba haka ba ranar karɓar kaya sai an kira 'yan sanda. Shi ya sa tun ranar da ta buɗe shagon ta ƙirƙiro tata dabarar. Kowane kwastoma da alamarsa. 'Yar mitsitsiya ce, ba ta wuce ƙwayar wake ba, a cikin wuyan riga ko ƙugun wando, da tawadar nan mai taurin kai da ko bilic ba ya fitar da ita. Wani tsani ne mai karyayyen mataki. Wani hannu mai yatsa shida. Wani mabuɗi a kife, wata kuma wata a cikin kwano. Alamu sun fi ɗari biyu, duk suna cikin kan Mama, kuma ko safa ƙafa ɗaya ba ta taɓa kwana a gidan da ba nata ba.

Da idon Mama ya fara yi mata gardama a kan ƙananan abubuwa, sai ta miƙa wa autar alƙalamin. Nan yatsu suka baƙanta, nan kuma hannu ya faɗa.

Wata rana Tawada tana laluben aljihu kafin jiƙo, kamar yadda dokar shago ta ce, sai ta ciro rabin littafi daga kwat ɗin wani baƙo. Ba bango, ba farko, ba ƙarshe, rubutun ma na wani yare ne can. Amma kowane shafi an yanka shi gida-gida, kowane gida da hotonsa, magana kuma tana fitowa daga bakin mutane a cikin kumfa kamar ta sabulu. Da mai kwat ya zo karɓa ya ce ta jefar. Ba ta jefar ba. Wata guda tana kallonsa har ya yi laushi kamar tsumma.

"Ashe ana iya ba da labari ba a cika mutum da surutu ba," ta ce, a gaban yayyenta kuwa, mu da surutu ne abincinmu.

Ita ce ta farko a gidanmu da ta gama sakandare. Sauranmu firamare ma da ƙyar da jiɓin goshi, malamai ne suka turo mu waje don su huta. Ita kuwa kukan malamanta ɗaya ne: gefen kowane littafinta cike yake da hotunansu, kuma abin haushin, sun yi kama. Da ta gama ta dawo shago, ta ɗauki alƙalaminta inda ta ajiye.

A gidan wanki akwai wani lokaci da ba kowa ya san da shi ba, tsakanin shanya da kwashewa. An gama cuɗa, kaya suna kan igiya, rana tana aikinta, ba abin da ya rage sai jira. Mama takan miƙe ƙafa ta yi gyangyaɗi. Tawada kuma sai ta kife baho ɗaya ta zauna, ta ɗora katako a cinya. Da farko a kan kwalin da ake sa wa cikin riga in an ninke take zanenta, har sai da wani kwastoma ya buɗe rigarsa ranar ɗaukar aiki ya tarar da jirgin yaƙi yana cin wuta a ƙirjinta. Daga nan Mama ta ce a sayo mata takarda. Shekara huɗu tana yi. Shafi ɗari da ashirin, a fayil ɗaya mai igiya, kuma shi kaɗai ne a duk duniya, babu na biyunsa.

Labarin na lokacin yaƙi ne. Sojojin wata ƙasa sun mamaye wani birni, manyan hafsoshinsu suna kai kakinsu wanki gidan wata mata shiru-shiru. Ashe matar 'yar leƙen asiri ce. Abin da ta tsinta a aljihu da abin da ta ji a bakin kanta, sai ta aika wa mutanenta ta alamu a wuyan riga, tela da mai aski da direban Janar duk sun iya karantawa. Da abokan gaba suka lura da alamun sai suka ɗauka tsafi ne, Janar ya ɗauko wani boka mai ido ɗaya ya sa shi fassara. Boka ya yi ta fassara da son ransa, sojoji suka ruɗe suna kama junansu. Akwai ƙungiyar asiri mai taro a ƙarƙashin ƙasa, akwai kyandirori da ƙoƙon kan mutum, akwai jirgin ƙasa da aka tarwatsa a kan gada. Wallahi in ka buɗe shafin gadar nan sai ka ja kai baya kada tarkace ya same ka.

Wajen alamun ne aka yi ɓarin. Ta gwada ƙirƙiro sababbi, duk suka fito kamar sawun tururuwa. Hannun da ya shekara goma sha takwas yana zana alamun Mama ba ya jin maganar kowa. Sai ta ce a ranta, wa yake duba wuyan rigarsa? Kuma da gaskiyarta. Fiye da shekara talatin ba wanda ya taɓa dubawa. Mutum gabansa yake kallo a madubi, ba ruwansa da ƙeya.

Mai ɗab'i na kwanar titi ya ga fayil ɗin, ya gyara tabarau, ya sake gyarawa, ya ce zai buga. Ya ɗauki hoton shafi huɗu ya faɗaɗa su ya manna a gilashin ƙofarsa don talla, ya mayar mata da fayil ta ƙarasa bango. A cikin huɗun nan har da shafin da boka yake yi wa Janar bayani: alamu manya-manya, kowace da fassararta a ƙasa.

Shagon Mai Kemis yana kallon na mai ɗab'i. Mutum ne mai tsafta da tsoron ciwo, in ka yi tari a shagonsa sai ya riga ka shan magani. Ya karanta shafin ranar Litinin ya yi dariyarsa. Talata da safe maɓallin wuyan rigarsa ya tsinke, ya cire rigar ya juya ta, sai ga abu yana kallonsa. Ido ne, da ɗigo uku a ƙarƙashi. A gilashi kuwa an rubuta ɓaro-ɓaro, "Ido mai hawaye uku: kwana uku ya rage masa." Ya buɗe durowa. Riga goma sha ɗaya, ido goma sha ɗaya.

Ya rufe shago, ya kwanta, ya yi wa matarsa wasiyya, yana auna jininsa duk rabin awa. Da kwana uku suka cika bai mutu ba, maimakon ya gode wa Allah sai ya fusata. Ya fito da riga a hannu yana nuna wa duk wanda ya tsaya.

Kafin la'asar titin ya koma kamar kasuwar gwanjo, kowa ya tuɓe yana duba wuya. Saje, tsohon sojan nan da kullum yake kan bencin mai aski yana ba da labarin yadda shi kaɗai ya tsare tudu kwana biyu, ya tarar da ƙafar kaza a duk rigunansa. Gilashi ya ce mai ƙafar kaza shi ne zai sayar da 'yan'uwansa. Hedimasta ya sami maciji ya haɗiye wutsiyarsa, alamar shugaban ƙungiyar asiri. Shi a ransa abin bai yi masa zafi sosai ba, ko ba komai shugaba ne. Amma iyayen yara suka fara tsayawa nesa in za su gaishe shi, matarsa kuma ta ce ita ba ta auri mai taro a ƙarƙashin ƙasa ba.

Ranar Asabar mutane suka yi layi a ƙofar shagonmu, kowa ya zo kwashe kayansa. Wasu da danshinsu suka tafi da su. Wasu suka sa almakashi suka yanke wuyan rigunansu, sai ka ga babban mutum da furfurarsa yana tafiya kamar tulun da aka fasa wa baki. Zuwa Litinin babu komai a igiyoyin shanya sai zanin gadonmu.

Mama ba ta yi faɗa ba, kuma duk wanda ya tashi a gidanmu ya san wannan shi ne abin tsoro. Ta shiga ɗaki, ta fito da fayil ɗin, ta ɗora shi a kan katakon da ke saman bahon bilic. Tawadar zane ba irin ta wuyan riga ba ce, ko gumi ya taɓa ta sai ta narke.

"Ke 'yar nan, alamun nan na waye?"

"Naki ne, Mama."

"Na ba ki ki sa a wuya ne, ko na ba ki ki manna a titi?"

Tawada ta kalli yatsunta.

"To buɗe kunne. Ranar Asabar in igiyoyin nan ba su cika ba, zan jiƙa shi kamar farar riga, in shanya miki takardunki fes. Sai ki sake wani labarin da alamun kanki."

"Mama, shekara huɗu fa."

"Ni talatin da biyu."

Sai Tawada ta ɗaura ɗankwali ta fita bin gida-gida. Ita a ganinta abu ne mai sauƙi: a faɗi gaskiya, kowa ya yi dariya, a dawo da kaya. Ta fara da Mai Kemis. Yana ganinta ya zagaya bayan kanta ya ja kwalin safar hannu ya sa tsakaninsu.

"Kawu, wallahi alamar wanki ce kawai, don kada kayanka su haɗu da na wani."

"To me ya hana ku sa lamba? Ɗaya, biyu, uku, kamar mutanen kirki?"

"Lokacin Mama ba ta iya rubuta lamba ba."

"Amma ta iya ido. Ta iya hawaye. Me ya sa ni ido? Me ya sa uku, ba biyu ba, ba talatin ba?"

Shekara goma sha takwas Tawada tana zana idon nan, ko sau ɗaya ba ta taɓa tambaya ba. An ce mata wannan na Mai Kemis ne, ta zana, kamar yadda ba ka tambayar me ya sa ake ce wa ruwa ruwa.

Wajen Saje ko zama bai bari ta yi ba.

"Yarinya, ni da na kalli harsashi ido cikin ido har shi ya sunkuyar da kai, ni za a ce zan sayar da 'yan'uwana? Je ki, na sallame ki. Da uwarki zan yi magana, babba da babba."

Mai ɗab'i ya ɓamɓare shafukan daga gilashi, amma aikin gama ya gama, kowa ya ɗauka a waya. Har waɗanda ba su taɓa kawo mana wanki ba suna duba wuya, in ba su ga komai ba su yi ajiyar zuciya, wasu kuma ka ga kamar sun ji haushi an bar su a baya.

Laraba ta dawo wajen Mama, ƙafa duk ƙura.

"Mama, ke kaɗai kika san dalilin kowace alama. Ki faɗa musu mana, magana ta ƙare."

"Mai wanki ba shi da baki," in ji Mama, tana kankare ƙasan dutsen guga da ba abin da zai goge. "Abin da ka gani a kayan mutum, a baho yake ƙarewa. Likita jiki yake gani, mu abin da jiki ya bari muke gani. Da ina magana, da rabin titin nan sun yi ƙaura tun kafin a haife ki."

"To littafina fa?"

"Saura kwana uku."

Tawada ta riƙa wucewa ta gaban bahon nan kamar mai jinyar mara lafiya. Ta yi tunanin sace fayil ɗin ta kai gidan ƙawarta, amma ta san Mama. Abin da Mama ta ajiye da hannunta, ko kyanwar gida ba ta kusantarsa.

Alhamis da tsakar rana ta dawo daga wani zagayen na banza, ta shigo ta ƙofar baya. Sai ta tsaya cak a bayan zanin gado. Mama ce zaune a kan kifaffen baho, ta goge hannunta tas ya bushe, fayil a cinya, tana juya shafi da kan yatsa ɗaya kamar mai taɓa jariri. Leɓenta yana motsi. Can ta yi 'yar dariya ta hanci. Can kuma ta tamke fuska ta ce wa takardar, a hankali, "Kada ki ba shi, baiwar Allah. Ba ki ga wuyansa ba? Mai tsani ne."

Rubutun cikin kumfa ba abin da ya dami Mama da shi. Alamun take bi, kuma ta riga boka da Janar da duk sojojinsu gane inda labarin ya dosa. Shekara sittin da 'yan kai, wannan ne littafin farko da ya yi mata magana da yaren da ta iya.

Tawada ta yi gyaran murya. Mama ta rufe fayil ɗin fat.

"Ina dubawa ne ko zai shiga baho ɗaya ko sai biyu."

"Kin kai ina?"

"Ban kai ko'ina ba. Wa ya ce miki zuwa wani wuri nake?" Ta miƙe ta mayar da shi saman bilic, ta gyara masa zama don kada ya zame. Sannan ta ce, ba ta juyo ba, "Bokan nan maƙaryaci ne."

"Haka aka yi shi, Mama."

"Na lura."

Asabar da hantsi sai ga su. Saje a gaba, ya sa tsohon kakinsa da lambobin yabo a ƙirji, wuyan a yanke. Mai Kemis a bayansa da hankici a hanci. Hedimasta da matarsa, ita ce ma take gaba da shi da taku ɗaya. Bayansu kuma titin ne gaba ɗaya, mai aski ya bar mutum da rabin aski, shi ma mai rabin askin ya biyo. Suka cika shago suka malalo tsakar gida, suna sunkuyawa ƙarƙashin igiyoyin da ba komai a kai.

Saje ya ƙame ya ce jama'a sun yanke shawara. Na ɗaya, a ƙona littafin a gaban kowa. Na biyu, Maman Tawada ta faɗi abin da ta ƙulla a wuyan bayin Allah, ta kuma warware. Yana magana idonsa ya faɗa kan fayil. Ya taka zuwa bakin baho ya miƙa hannu. Tawada ta ga yatsunsa sun taɓa igiyar fayil, ta ga ruwan bilic a ƙasa yana jira.

"Saje, sauke hannunka," in ji Mama. Ba ta ɗaga murya ba. "Littafin nan in za a jiƙa shi, ni zan jiƙa. Ba a yi wanda zai shigo tsakar gidana ya taya ni ba."

Hannu ya sauka da kansa.

Mama ta dubi taron ɗaya bayan ɗaya, kamar mai ware fari da mai launi.

"Kun ce sai na faɗi ma'ana. Shekara talatin da biyu ina rufa muku asiri, ko 'yar cikina ban faɗa wa ba. Ku zama shaida, ku kuka roƙa. Mai Kemis, miƙo rigar."

Ya miƙa da yatsa biyu. Ta juya wuyan ta ɗaga sama kowa ya gani.

"Wannan ba ido ba ne. Hammata ce."

Kowa ya matso yana leƙa wuyan rigar.

"Hawayen fa?" in ji Mai Kemis.

"Gumi ne. Sau uku ake cuɗa taka kafin ta saki. Na sa ne don in riƙa tunawa, kada in cuce ka da cuɗa ɗaya."

Mai rabin aski ne ya fara fashewa, sauran suka ɗauka. Mai Kemis ya matse hannayensa a jiki kamar an ɗaure shi da igiya, yana cewa abin na gado ne, kuma akwai bayaninsa a likitance, amma ba mai saurare.

Duk mai hankali in ya ga haka sai ya ja bakinsa. Saje kuwa ya buga ƙirji har lambobin suka yi ƙara.

"To ƙafar kaza fa? Faɗi. Ni ba ni da abin ɓoyewa."

"Ranar da ka fara kawo kaya, kana sabon dawowa, da kakin nan naka da takalmi mai ƙarfe. Ina da kaza mai 'yan tsaki a bayan bahon can. Ka taka kusa da su. Teburin gugar nan na dama, a kansa na zo na same ka, ka naɗe ƙafa kana cewa a kira mai ita."

Wata mata ta zauna a ƙasa don dariya. Saje ya jira ta lafa, ya gyara hula.

"Dabarar yaƙi ce. In an kawo hari ba shiri, tudu ake nema."

"Ai ka samu," in ji mai aski. "Shi ne wanda ka tsare kwana biyu?"

Mama ba ta yi ko murmushi ba. Ta ajiye rigar ta karkaɗe hannu.

"Saura wa? Mai tsani yana nan? Mai yatsa shida fa, ɗazu na hango shi." Wani a can baya ya tuna ya bar shago a buɗe, ya sulale. Dariyar ta fara raguwa, kowa ya shiga lissafin abin da ya taɓa mantawa a aljihu da abin da ya taɓa bari a wando. "To bari mu bi girma. Yallaɓai Hedimasta, maciji ko? Wata Asabar ce kamar yau, na zura hannu a aljihun wandonka na baya..."

"Ci gaba, Mama, ina jin ki," in ji matarsa, ta matso.

Hedimasta ya shiga tsakiya da sauri har igiya ta cire masa hula. Bai tsaya ɗauka ba. Ya ɗaga yatsa kamar a filin taron makaranta.

"Jama'a, a matsayina na malami, dole in yi magana. Na yi nazarin shafukan nan sosai. Wannan aiki ne na fasaha. Al'ummar da take ƙona littattafai ba ta ci gaba. Yarinyar nan ta zauna ta ba kowace alama ma'ana mai zurfi, bai kamata mu zo mu ɓata mata da wasu ƙananan bayanai ba. An ce ni shugaban ƙungiyar asiri ne. Na karɓa."

"Amma ai ba ta gama ba," in ji matarsa.

"Ta gama, uwargida. Ilimi ya yi magana."

Ba a taɓa ganin taro ya haɗa kai da sauri haka ba. Matar nan mai wata a kwano ta ce ita a bar mata tsafinta, ya fi mata kwanciyar hankali. Wani ya ce shi tun farko ya san littafi ne mai kyau, shafin boka ma sau biyar ya karanta. Mai Kemis ya ce da ma an bar shi da kwana ukunsa, da yanzu ya tafi da mutuncinsa. Saje ya sake ƙamewa ya ce an sauya shawara: a buga littafi yadda yake, ko ɗigo kada a taɓa, kuma duk wanda ya sake tambayar Maman Tawada ma'anar wani abu, da shi zai yi.

"Na ji," in ji Mama. Ta ɗaga kai ta kalli igiyoyinta. "Ga rana tana ta ɓacewa a banza."

Suka gane. Kafin azahar kaya sun tsiru a kan kantar shago har ba a ganin mai karɓa. Masu datti, marasa datti, wani ma da gugarsa ta jiya ya kawo a sake. Matar Hedimasta da kanta ta kawo wandunansa guda shida, ta ce wa Mama za ta riƙa leƙowa hira. Mama ta ce ƙofa a buɗe take, baki ne a rufe. Muka shiga cuɗa gaba ɗayanmu, har da waɗanda suka manta yadda ake yi, zuwa la'asar igiyoyi sun yi nauyi suna lanƙwasa.

Sai a lokacin Mama ta goge hannu ta sauko da fayil ɗin. Ta miƙa wa Tawada, amma ba ta saki ba.

"Shafin da matar nan take jiƙo a gaban Janar."

"Na arba'in da ɗaya. Me ya yi?"

"Kin sa ta zuba farar riga da jan mayafi a baho ɗaya. Janar ɗin makaho ne? Duk wanda ya ga haka ya san wannan ba mai wanki ba ce, a ranar za a kama ta. Ba za a buga wannan ba, duniya ta ce ban koya miki komai ba."

"Mama, Saje ya ce ko ɗigo kada a taɓa."

"Saje ya zo ya faɗa min."

Tawada ta kife baho ta zauna, ta ɗora katako a cinya, ta ciro sabuwar takarda. Mama ta tsaya a kanta, hannu a ƙugu, ruwan shanya yana ɗiga a bayansu.

"Baho biyu. Ki matsar da na farin kusa da ita. Kuma ki naɗe mata hannun riga, wa ya taɓa wanki haka?"